A Kai Ta Asibiti Tukuna

'Ya'yana mata, da ku 'yan'uwana iyaye, ku yi mini haƙuri da maganar da zan ɗauko yau. Magana ce da ba mu saba yin ta a fili ba, ko tsakanin uwa da 'yarta sai an rage murya. Amma na daɗe ina aikin ungozoma a asibiti kafin in ajiye, kuma abin da idona ya gani a ɗakin haihuwa da ɗakin masu ɓari ba zai bar ni in yi shiru ba. Ina so mu tattauna a kan ƙwayoyin nan da ake sha ciki ya fita, da jinin da ke biyo bayansu, da abin da ya kamata a yi wa macen da ta tsinci kanta a wannan hali, matar aure ce ko budurwa, babba ce ko yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban zo in ce wa kowa ta zubar da ciki ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tsananta a kan haka tun daga shigar cikin, wasu malaman na wasu mazhabobi sun yi sassauci kafin kwana 120 idan akwai uzuri mai ƙarfi, kuma idan rayuwar uwa ta shiga haɗari ita ake fara ceta. Dokar ƙasa ma haka ta ce. A Arewacin Najeriya sashe na 232 na dokar Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 14, sai fa idan don ceton ran uwa aka yi. Wannan fagen malamai ne da alƙalai, kuma suna nan. Nawa fagen shi ne macen da aka shigo da ita ranga-ranga, zaninta ya jiƙe, leɓenta ya bushe. A wannan sa'ar, ko ɓari ta yi daga Allah, ko wani abu ta sha, jinin iri ɗaya ne, kuma hanyar tsayar da shi ɗaya ce.

Ƙwayoyin iri biyu ne. Wanda ya fi yawo a hannun mutane sunansa misoprostol. Wani kamfanin Amurka mai suna Searle ne ya fito da shi da sunan Cytotec, kuma don masu gyambon ciki aka yi shi. A jikin takardarsa an gargaɗi masu juna biyu kada su sha, domin yana sa mahaifa ta matse, bakinta ya buɗe. Wannan gargaɗin ne matan Birazil suka lura da shi a ƙarshen shekarun 1980, labari ya yi ta tafiya daga baki zuwa baki har ya game duniya. Na biyun, mifepristone, a Faransa aka haɗa shi, aka amince da shi a can a 1988, Amurka ta biyo baya a 2000. Shi aikinsa ya tare sinadarin da ke riƙe ciki a jikin mahaifa. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun a jerin muhimman magunguna.

Mu a Najeriya ta wata ƙofar misoprostol ya shigo mana. A 2006 hukumar NAFDAC ta yi masa rajista don tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Duk ungozomar da ta yi aiki a karkara, inda babu wutar da za a ajiye allurar oksitosin a firji, ta san darajar wannan 'yar ƙwaya. Da ita muke taimakon matar da ta haihu jini ya ɓalle mata, da ita muke fitar da ragowar ɓarin da ya maƙale, da ita muke taimakon wadda ɗan ya rasu a cikinta ya ƙi fitowa, irin wanda a gida wani lokaci ake cewa ciki ne ya kwanta. Saboda haka ba zan yi muku ƙarya in ce guba ne ba. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa idan ciki bai wuce mako 12 ba, aka haɗa ƙwayoyin biyu yadda ya kamata, da ma'aikacin lafiya a kusa, wajen mata 95 cikin 100 suna gamawa ba tare da an yi musu wani aiki ba, kuma masu samun babbar matsala ba su kai 1 cikin 100 ba.

To me ya sa namu ke mutuwa? Saboda a waɗancan wuraren an san watannin cikin, an san inda ya zauna, an san maganin na gaske ne, an faɗa wa macen abin da za ta gani, kuma in abu ya rikice tana da inda za ta je ba tare da tsoro ba. A wurinmu kuwa yaro ake aika wa kemis bayan magariba. A ƙulle masa ƙwayoyi a farar leda, babu kwali, babu takarda, a gaya masa yadda za a sha a baki kawai, shi kuma ya kawo saƙon yadda ya iya tunawa. Mai kemis bai ga macen ba. Bai san wata nawa ba ne, bai san ko an taɓa yi mata tiyata ba, bai ja idonta ya ga ko tana da jini ba. Ita kuma za ta rufe ƙofa ta sha ita kaɗai, ta cije filo don kada a ji nishinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 45 cikin 100 na cikin da ake zubarwa a duniya ta hanya mai haɗari ake yi. Kuma a ƙiyasinta na 2020 mata wajen 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A cikinsu akwai waɗanda aka rubuta wa zazzaɓi ko ciwon ciki, alhali 'yan gida sun san abin da ya faru.

Lissafin watanni shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe. Daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake ƙidayawa, kuma mata nawa ne ke riƙe wannan ranar? Da yawa daga cikin waɗanda na gani matan aure ne masu goyo, ciki ya shiga kafin su yaye, ba su ma ga al'ada ba tun da suka haihu. Mace ta ɗauka wata biyu ne, ashe huɗu ne ko biyar. Cikin da ya kai haka jininsa ya fi yawa, mabiyiya kan maƙale, kuma wadda ke da tabon tiyata a mahaifa tabon na iya yagewa. Wannan aikin gadon asibiti ne, inda akwai ƙarin ruwa da ƙarin jini a kusa. Haka kuma masu ba wa mai naƙuda ƙwayar misoprostol a gida wai don haihuwa ta zo da sauri, don Allah ku bari. Mahaifa na fashewa a haka, a rasa uwa a rasa ɗa.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni tsoro, domin a ɓoye yake kisa. A cikin ciki 100, ɗaya ko biyu ba ya zama a mahaifa, a siririn bututun da ƙwai ke bi yake maƙalewa. Gwajin fitsari zai nuna ciki kamar kowane ciki, za ta yi laulayi kamar kowa. Waɗannan ƙwayoyi ba sa taɓa shi ko kaɗan. Yana nan yana girma har bututun ya fashe, yawanci kafin wata uku, jini ya riƙa zuba a cikin ciki, a waje kuwa ɗan ɗigo kawai ake gani ko babu. Macen za ta ce mararta na suka ta gefe ɗaya, wata ta ce kafaɗarta ke ciwo, sai jiri, sai ta yanke jiki ta faɗi. A nan ne ake cewa iska ce, a kawo garwashi da turare. Ku yi mata addu'a, ni ma ina yi, amma ku yi ta a cikin mota a kan hanyar asibiti. Hoton ciki ne kaɗai ke nuna inda ciki ya zauna, kuma tiyata ce ke ceton wadda nata ya fashe. Duk wadda ta sha ƙwaya ta ga jini bai zo ba, ko ya zo ɗan kaɗan, ta je a yi mata hoto, kada ta ƙara wata ƙwayar.

Misoprostol ɗin kansa ba ya son danshi da zafi. Da zarar an ɓare shi daga takardarsa ta gwangwani ƙarfinsa na raguwa, balle wanda ya kwana a leda a kanti cikin zafin bazara, ga jabu da ya cika kasuwa. Magani mara ƙarfi rabin aiki yake yi: ya taɓa cikin, ya bar ragowa a mahaifa tana jawo jini da ƙwayoyin cuta. Wani lokaci kuma cikin ya ci gaba, kuma ɗan da maganin ya taɓa yana da ƙarin haɗarin samun nakasa a fuska ko a hannu da ƙafa. Wadda ta sha cikin bai fita ba, ta faɗa wa likita tun a awon farko domin a bi ta da kulawa. Mai ƙarancin jini, da mai sikila, da mai shan maganin tsinka jini, da mai robar tazarar haihuwa a mahaifa, duk haɗarinsu ya ninka na sauran. Mu kuwa ƙarancin jini ya yi mana katutu, ga maleriya, ga haihuwa kusa-kusa, ga tukunyar da ba kullum take ganin nama ba.

Jiƙe-jiƙen kanwa da bula da sassaƙe, da haɗiyar tulin maganin zazzaɓi, da cusa tsinke ko wani abu a gaba, waɗannan ba ni da abin faɗa a kansu sai kalma ɗaya: kada. Ƙoda suke kashewa, su huda mahaifa da hanji, su jawo sandarewar jiki.

Yanzu ga abin da nake so kowace uwa, kowace yaya, kowace maƙwabciya ta riƙe, ko ɓari ne ko ƙwaya. Jini zai zo, ya fi na al'ada, da guda-guda, da ciwon mara mai tsanani na wasu awanni, sannan ya fara ja da baya. Ma'aunin da muke koya wa ɗalibai shi ne: idan mace na jiƙa manyan audugar mata biyu sharkaf a cikin awa ɗaya, aka yi awa biyu a jere a haka, ya wuce misali. Mai amfani da ƙunzugun tsumma, idan ya ratsa zani ya kai ga shimfiɗa, an canza ya sake ratsawa, a tashi. Ki matso da fitila ki ja fatar idonta ta ƙasa. Mai jini za ki ga wurin ja ne, wadda jininta ya ƙare za ki gan shi fari fat. Ki kama tafin hannunta, za ki ji sanyi da danshi. Ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, bugun na gudu amma ba ƙarfi. Tana ta neman ruwa, tana hamma, in ta yunƙura za ta zauna ta ce duhu take gani. Wadda ta sha kuka sannan ta yi laƙwas, kada ku ce barci ne ya ɗauke ta don ta samu sauƙi, ku tashe ta ku ga ko tana gane ku. Ku kwantar da ita, ku ɗaga ƙafafunta a kan filo, ku lulluɓe ta, kada ku ɗura mata komai, ku nemi abin hawa. Ku tafi da tsumman da ta jiƙa a leda, domin shi zai gaya wa ma'aikaci yawan jinin da ta zubar fiye da bakinku.

Zazzaɓi kuma yana da nasa lissafin. Misoprostol kansa yana kawo rawar sanyi da zafin jiki da gudawa a ranar da aka sha, su wuce. Zazzaɓin da ya zarce awa 24, ko wanda ya taso bayan kwana biyu ko uku, tare da ruwa mai wari da mara da ba ta son a taɓa, wannan ciwo ne ya shiga mahaifa. Maganin maleriya ba zai yi masa komai ba. In aka bar shi yana shiga jini ya yi kisa cikin kwanaki, in ma ta tsira yana iya toshe bututun ƙwai. Matan da na gani suna yawon neman haihuwa shekara da shekaru, da dama daga cikinsu wani ɓarin da ba a kula da shi ba ne asalin matsalarsu.

Na san abin da ke hana zuwa. Ana tsoron wankin ciki, ana tsoron tonon asiri, ana tsoron 'yan sanda. Wankin ciki na yanzu da wata 'yar na'urar roba ake yin sa, a zuƙe ragowar da ta maƙale cikin minti goma zuwa sha biyar, a ba da maganin ciwo da na kashe ƙwayoyin cuta, sau da yawa a kwana a gida a ranar. Wani lokaci ma ƙwaya kawai za a ba ta. Masu cewa wankin ciki na hana haihuwa sun juya maganar, ƙazantar da aka bari a ciki ce ke hanawa. Kula da macen da ke zubar da jini bayan ciki ya fita ba laifi ba ne a dokar ƙasar nan, ko mene ne sanadinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mara lafiyan da ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma wajabta wa ma'aikaci ya riƙe sirrin wanda yake dubawa. Saboda haka ki faɗi gaskiya, 'yata. Ki ce ga abin da na sha, ga lokacin, ga kwalinsa in yana nan. In an cusa miki wani abu, ki faɗa, domin wannan ne zai sa a duba ko an yi huda, a yi miki allurar rigakafin sandarewa. Kowace ƙarya da aka yi wa likita lokaci take ci, mai zubar da jini kuwa lokacin ne ba ta da shi.

Sai maganar yara, wadda ita ce ta fi ci mini rai.

Jikin yarinya 'yar shekara 15 yana karɓar wannan magani kamar yadda jikin babbar mace ke karɓa. Abin da ke jefa ta a haɗari fiye da babba shi ne jinkiri da kaɗaici. Al'adarta ba ta ma daidaita ba, wata biyu ya wuce ba ta ga komai ba, ba ta ɗauke shi wani abu ba. Kafin ta gane, cikin ya yi nisa. Sai ta ƙara zurma hijabi, ta daina cin abinci a cikin mutane, ta nemi shawarar ƙawarta da ita ma ba ta san komai ba, ko ta bi abin da ta gani a waya. Sau da yawa kuma wanda ya yi mata cikin ne ke sayo ƙwayar ya danƙa mata, don ya rufa wa kansa asiri, sannan ya kashe wayarsa.

Yadda suke zuwa mana kusan iri ɗaya ne. Uwa na zaune a bakin gado tana cewa taifot ne, ya daɗe yana damun ta. Yarinyar ta juya fuska ga bango, ta ƙanƙame bakin zaninta. Nakan ce wa uwar ta je ta sayo mana sabulu ko ta karɓo kati. Idan ta fita, in ja labule, in zauna a gefen gadon, in riƙe hannun yarinyar, in ce mata ba zan yi mata faɗa ba. Sai ta ɗan jima, sannan maganar ta fito ƙasa-ƙasa, wani lokaci sai na kai kunnena bakinta. Kuma sunan da ke fitowa ba kasafai yake zama na wani baƙo ba. Maƙwabci ne, ko mai shagon da ake aikenta, ko wanda ake ba ta tallar ta kai masa, ko wani na cikin gida da ake jin nauyinsa. Yarinyar da babba ya yaudara ko ya danne, zalunci aka yi mata. Ta yaya za a haɗa mata zalunci da duka?

Iyaye mata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ranar da kika gane, zuciyarki za ta yi zafi, za ki tuna surutun unguwa, da dangin uba, da aurenta na gaba. Ban raina wannan zafin ba. Amma tambayarki ta farko ta zama ina ke yi miki ciwo, tun yaushe, me kika sha. Wane ne ya yi miki, wannan zai jira ta tsaya da ƙafafunta. Kada ki kulle ta a ɗaki ki ce sai dare ya raba za a fita da ita don kada a gani. Kuma ina roƙon ki da girman Allah, kada ki nemo ƙwaya ki tilasta mata, ko ki zuba mata a kunu ba ta sani ba. Ba ki san watannin ba, ba ki san inda cikin ya zauna ba, kuma jikinta ne. Uwayen da suka yi haka abin ya zo da ƙarar kwana, na ga yadda suka ƙare rayuwarsu, ba na fata wa kowa.

Ku je asibiti tare. A yi hoto, a auna jininta, a san halin da ake ciki. Idan likitoci suka ga cikin na barazana ga rayuwarta, akwai ƙa'idojin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar a 2018 da ke nuna musu abin da doka ta yarda su yi, kuma a gadon asibiti za a yi shi. Idan cikin zai ci gaba, to ta fi kowa buƙatar awo da wuri da haihuwa a asibiti, domin jijjiga da doguwar naƙuda da yoyon fitsari sun fi kama masu ƙananan shekaru. Wannan ya haɗa da ƙananan amarenmu da ke ɗakin mazajensu, waɗanda kunyar cikin fari ke hana su faɗa ko da jini suke gani.

Idan kuwa fyaɗe ne kuma an gane da wuri, kwanakin farko suna da tsada ƙwarai. Akwai maganin kariya daga cutar ƙanjamau da dole a fara shi cikin awa 72. Akwai ƙwayar da ke hana ciki shiga tun farko, wadda ke aiki har zuwa kwana biyar, amma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninta. Kada a wanke kayan da ke jikinta, a tafi da su. Akwai cibiyoyin da aka buɗe don wannan kawai, kamar Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato, inda ake duba yarinya kyauta, a kwantar mata da hankali, a taimaka wa iyaye idan suna son bin haƙƙinta. Iyalai da yawa na ɓata waɗannan kwanakin wajen zaman sulhu da dangin wanda ya yi laifin, sai bayan wata uku a zo ana neman ƙwaya.

Ke kuma 'yata, idan ke ce ke karanta wannan da abin a cikinki, ki saurare ni. Ki zaɓi babba ɗaya da kika yarda da ita, gwaggo ce, ko inna, ko yayarki, ko malamarku, ki faɗa mata yau. In babu, ki je asibiti ki nemi ungozoma ki ce kina son magana da ita ita kaɗai. Kada ki sha abin da aka ba ki a leda. In kin riga kin sha, kada ki zauna ke kaɗai a daren nan. In zuciya ta fara raya miki fiya-fiya ko rijiya, ki tashi ki je inda mutane suke ki faɗa. Na ga 'yan mata da suka shiga irin halinki suka fita, suka koma makaranta, suka yi aure, suka kawo mini 'ya'yansu na gani. Ƙofar tuba a buɗe take ga wadda ta yi kuskure, wadda aka zalunta kuwa ba ta da laifin da za ta tuba a kansa.

Iyaye maza da magidanta, ku ma da ku nake. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uban da ya rantse 'yarsa ba za ta kwana a gidansa ba, ya tura ta hannun wanda zai ƙarasa ta. Sannan maganar izini. Mata nawa ne suka zubar da jininsu a tsakar gida ana cewa sai maigida ya dawo daga kasuwa, ko wayarsa ba ta shiga? Ka faɗa tun yanzu, a gaban mahaifiyarka da matanka, cewa duk ranar da jini ya ɓalle wa wata a gidan nan a kai ta asibiti ko kana nan ko ba ka nan. In an tafi kuma ka biyo da maza biyu ko uku masu lafiya, domin jinin da za a ƙara mata daga jikin mutane yake fitowa, kuma sau da yawa sai dangi sun bayar.

Bayan an sallamo ta akwai sauran aiki. Wani cikin na iya shiga cikin mako biyu, tun kafin ta ga al'ada, don haka a yi maganar tazarar haihuwa kafin a bar asibiti, da mijin a wurin in matar aure ce. A tambayi rukunin jininta, domin mai jinin da ake kira nagetif tana iya buƙatar wata allura cikin awa 72 don kare cikin da za ta yi nan gaba. Ta sha maganin ƙarin jini har ya ƙare, a ba ta zogale da wake da hanta gwargwadon hali. Gwajin fitsari kan ci gaba da nuna ciki har wasu makonni, wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne, amma in laulayi bai tafi ba ta koma a duba. Kuma a daina tuhumar duk wadda ta yi ɓari. A cikin ciki 100 da aka san da su, 10 zuwa 20 da kansu suke zubewa, yawanci don halittar ba ta haɗu daidai ba tun farko. Ba tulun da ta ɗauka ba ne, ba kishiya ba ce. Ku yi mata sannu, ku bar ta ta yi kukanta.

Ƙannena da 'ya'yana ma'aikatan asibiti masu farin kaya, yanzu da ku nake. Yarinyar da aka daka wa tsawa a gaban layi, aka ce da kina jin daɗinki ba ki kira mu ba, za ta koma ta faɗa wa ƙawayenta, kuma ta gaba ba za ta zo ba sai an ɗauko ta. Ku ja labule. Ku ba da maganin ciwo kafin wankin ciki, hana shi ba tarbiyya ba ce. Ku sa ruwa ku tsayar da jini kafin maganar kati da kuɗi da sa hannu. Abin da kuka ji a bakin gado ya tsaya a bakin gado, ko da 'yar unguwarku ce. Masu kemis kuma, in aka zo muku da irin wannan buƙata, ku nuna hanyar asibiti, ku faɗi alamun haɗarin nan da na lissafa, ko da mai tambayar bai saya komai ba.

Ke da kika karanta har nan, kafin makon nan ya fita ki binciki asibitin da ya fi kusa da ku wanda ke aiki da dare kuma yake ƙarin jini, ki ajiye lambar mai mota ko mai a-daidaita-sahun da zai tashi in an buga masa ƙarfe biyun dare. Sannan ki kira 'yarki ɗaki, ku biyu, ki faɗa mata da bakinki cewa duk abin da ya same ta a duniyar nan, ke za ta fara gaya wa, kuma za ki kai ta asibiti kafin ki tambaye ta komai.